Baban Bethan Ba Ya Kallo

Duk wanda ya san Alwyn Probert ya san ba ya sayen abin da ba ya bukata. Rigar ruwansa ta girmi 'yarsa. Wuƙar da yake yanke igiya da ita a gona ta ubansa ce, sau biyu ana sake mata ƙota. Amma ka leƙa ɗakin ajiyarsa a can kan tudun Shropshire ka sha mamaki. Akwai gadon kare mai laushi irin na gidajen masu hali, wanda karnukan kiwonsa suka shinshina sau ɗaya suka koma cikin ciyawa abinsu, yanzu wata kaza ce ke ƙwai a ciki. Akwai tukunyar jan ƙarfe da ba ta taɓa ganin wuta ba. Ga kuma zanen wasu agwagi uku suna tashi sama, wanda matarsa Glenys ta rantse ba zai hau bangon gidanta ba muddin tana numfashi. Kowanne daga cikinsu a gasar dawaki ta Aldermere aka sayo shi, ranar Asabar, a cikin minti goma sha ɗayan da 'yarsa Bethan take kan doki tana tsallake shingaye a daji.

Maganar gaskiya, Alwyn tsoro yake ji, kuma tsoron ba na jiya ba ne. Bethan tana da shekara goma sha ɗaya, a wata 'yar gasar yara a bayan gari, ɗan dokinta ya yi tuntuɓe da shinge a gaban idonsa, ta faɗo ta kwanta shiru. Ba a jima ba ta tashi tana kuka, ƙashin kafaɗa ne kawai ya karye. Yarinya ta warke ta manta, uban ne bai warke ba. Shekara goma sha tara ke nan shi ke tuƙa motar dawaki, shi ke ɗibar ruwa, shi ke ɗaura wa doki ƙusoshin kofato don kada ya zame a ciyawa, shi ke tallafa mata ƙafa ta hau. Amma da zarar an ce ta tashi, sai wani aiki ya taso masa. Yau tayar mota ce kamar ta sace, gobe shayi ne ya ƙare a butar tafiya. A Aldermere kuwa, inda rumfunan 'yan kasuwa suka fi na garinsu yawa, sai ya faɗa rumfar da ta fi nisa da lasifika, ya tsaya yana jujjuya kaya har kunya ta sa shi ya saya.

In an gama sai ya nemo Glenys ya tambaye ta a gurguje yadda aka yi, sannan ya ƙarasa barga da fara'arsa ya ce wa Bethan ya gan ta, ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Kullum maganar ke nan, ko wasali ba ya canzawa. Shekarar gadon kare ma bai samu Glenys ba, ya zo ya zuba maganarsa tiryan-tiryan, sai da ya kai aya sannan ya lura Bethan jiƙe take sharkaf, da gansakuka a gashinta. Ashe a tafki ta faɗa. Mutumin naka bai ko ƙifta ido ba ya ce ai kafin tafkin yake nufi. Kuma har ga Allah ya ɗauka ya sha, asirinsa a rufe yake.

Bethan ba ta cikin mahayan da ake buga hotonsu a mujalla. Yara take koya wa hawa, in lokacin haihuwar tumaki ya zo ta sa hannu kamar kowa. Doki ɗaya gare ta na kirki. A takarda yana da wani dogon suna mai kama da na ɗan sarauta, amma a gida Dankali ake ce masa, kuma duk wanda ya ga cikinsa ba ya tambayar dalili. A gonar aka haife shi, Alwyn ne ya jawo shi daga cikin uwarsa da hannunsa, tun daga ranar yake bin tsohon kamar kare yana cusa masa hanci a aljihu don alawa. Bana shekararsa goma sha takwas, kuma kowa a gidan ya san wannan ce fitarsa ta ƙarshe. Sau uku suna zuwa Aldermere, sau uku suna komawa ba su gama ba: tafki, sai shekarar da ya tsaya cak a bakin wani kwazazzabo ya ce shi ba mahaukaci ba ne, sai bara da ya taka dutse aka janye shi. Kofi kam ko a mafarki Bethan ba ta nema. Abin da take so shi ne ɗan faifan tagullar nan da ake ba duk wanda ya kammala gasar, a rataye a ƙofar barga. Shekara huɗu da suka wuce Alwyn da kansa ya buga ƙusar da za a rataya faifan a ƙofar Dankali, har yau tana nan, igiyar ɗaurin ciyawa ake ratayawa a jiki.

Ranar Juma'a aka yi gwajin taku, wanda doki zai yi ta zagaya fili a hankali yana rangwaɗa, alƙalai suna ba da maki. Wannan kam Alwyn yana kallo, har da gyangyaɗi, tunda ba abin da ake tsallakewa. Dankali ya yi abin da zai iya, ya zo na hamsin da takwas cikin saba'in, Glenys ta ce ai ba laifi ga dokin da ke tafiya kamar zai kai madara kasuwa. Da yamma Bethan ta ce uban ya raka ta su sake taka hanyar gobe da ƙafa, kamar yadda kowane mahayi ke yi. Suka bi shingayen ɗaya bayan ɗaya, tana ƙirga taku tana magana da kanta, shi kuwa yana ta yabon ciyawar wurin don kada ya dubi abin da ke gabansa. Akwai wani gungume da ya kai masa ƙirji, bayansa ramin da za a iya binne tarakta. Da suka iso tafki sai ta tsaya ta nuna masa wani babban itace a gefen igiyar 'yan kallo.

"Baba, gobe a nan nake so ka tsaya," in ji ta. "Ita ce ta ƙarshe."

Ya ce to, har da cewa ai dama nan yake tsayawa kullum. Bethan ta ci gaba da ƙirga takunta.

Kuma a yi masa adalci, ya je. Tun saura sa'a guda yana gindin itacen nan, ya dasa ƙafa, ya tura hula gaba. Jama'a ta cika maƙil, kowa da karensa a igiya, wasu sun shimfiɗa bargo suna cin burodi da cuku, saboda kowa ya san in za a faɗi a tafki ake faɗuwa, kuma kowa yana so a ce yana wurin. Doki na farko ya zo ya wuce lafiya, Alwyn ya ce a ransa ashe abin ba wuya. Na biyu ya zo, ya dira cikin ruwa, mahayin ya wuce ta kan kunnuwansa ya yi tsamo-tsamo, dokin ya fice shi kaɗai yana sukuwa likkafu na kaɗawa. Jama'a suka yi dariya suka tafa wa mutumin da ya miƙe. Alwyn bai yi dariya ba. Yana nan tsaye sai lasifika ta ce Bethan Probert ta tashi.

Shi dai bai san ya yanke shawarar komai ba. Ƙafafunsa ne suka ɗauke shi, suka ratsa da shi ta tsakanin karnuka da kujerun naɗewa, sai ga shi a rumfar mai takalma, yana riƙe da wani takalmin fata mai ruwan ƙasa da ke sheƙi kamar an lashe shi. Mai rumfar ya yi ta bayanin irin fatar da irin ɗinkin, Alwyn yana gyaɗa kai, kunnensa yana can. Daga nesa ya ji an busa usur, ya ji jama'a sun yi wata irin kururuwa, bai san ko ta murna ce ko ta tashin hankali ba. Aka tambaye shi lambar da yake sawa, ya faɗi wadda ta fara zuwa bakinsa. Aka naɗe masa a kwali ya fito.

Ashe Dankali ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya tsallake shinge talatin da ɗaya bai ƙi ko ɗaya ba, ya shiga tafki ya fita kamar ba komai, ya dai makara da rabin minti saboda shi ba ya gaggawa don kowa. Sai dai a wani siririn shinge kusa da ƙarshe ya ɗan karkace, Bethan ta bugi ginshiƙi da idon sawu. Glenys ce ta ba Alwyn wannan labarin a hanya, tana dogara sandarta, don tun da aka yi mata aikin ƙugu a babban allon majigi take kallo. Ta dubi kwalin da ke hammatarsa ta tambaye shi bana agwagin nawa ne.

Ya tura kwalin bayan bokiti kafin ya shiga barga. Bethan tana zaune a kan damin ciyawa, fuskarta duk taɓo, tana dariya tana kuka gaba ɗaya, ana ta zuba wa Dankali ruwan sanyi. Alwyn ya buɗe baki, maganar da ya saba ta fito da kanta: ya gan ta, ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Bethan ta ɗaga kai ta dube shi na ɗan lokaci, ta ce ta gode. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, ya ɗauki bokiti ya tafi ɗibar ruwan da ba wanda ya aike shi.

Da gari ya waye ranar Lahadi ƙafar Bethan ta kumbura ta yi suntum. Likita ya duba ya ce ba karaya, in an ɗaure ta da kyau za ta iya hawa ta yi tsallaken sandunan da ya rage da rana. Gudu dai a ƙasa, ko taku biyar ba za ta iya ba. Nan fa ake yin ta. Kafin a bar kowane doki ya shiga zagayen ƙarshe, sai an kawo shi gaban babban gidan Aldermere da ƙarfe tara, a ja shi da hannu yana sassarfa a kan tsakuwa, zuwa da dawowa, alƙalai uku da likitan dabbobi suna duba ko gudun jiya ya bar masa ɗingishi. Dokin da suka ƙi ya gama, sai a loda shi a mota. Alwyn ya daɗe yana yi wa wannan al'ada ba'a. Yana cewa baje kolin tufafi ne kawai, mata da gashin tsuntsu a hula, maza da kwat kamar masu zuwa neman aure, duk don a yi gudun da bai kai daga ƙofar kicin zuwa kejin kaji ba.

An yarda wani ya ja dokin a madadin Bethan. Glenys da ƙugunta ba ta cikin lissafi. Cormac, wani dogon mahayi ɗan Ailan da bargarsa ke kusa da tasu, ya ce shi zai yi, ai ba wani abu ba ne. Suka fita bayan barga gwaji. Cormac ya yi cakwkwk da harshe ya zabura, ragama ta miƙe, Dankali yana nan inda yake yana kallon wata bishiya. Aka sake, ya yarda ya taka, amma irin takun masu rakiyar gawa. Aka kaɗa masa bokitin hatsi, aka tafa masa hannu daga baya, ya juyo ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya yi hamma. Cormac ya miƙa ragamar ya ce a duniya bai taɓa ganin doki mai raina mutane irin wannan ba. Sai kowa ya juya ya dubi Alwyn, don ba wanda bai san mutum biyu kaɗai Dankali ke yi wa sassarfa ba.

Ya ce shi? Shekararsa sittin da takwas. Bethan ta ce makon jiya ta gan shi ya bi tinkiya har gindin tudu ya kamo ta. Ya ce ba shi da kaya. Glenys ta ce kwat ɗin zuwa cocinsa yana mota, ita ta sa shi. Da ya ga ba mafita sai ya juya abin ya zama dabararsa: ya jawo kwalin nan daga bayan bokiti, ya ce ai shi dama ya san za a yi haka, shi ya sa ya sayi takalmi. Glenys ta dubi takalmin, ta dubi ƙafarsa, ta ce masa kamar ya yi kaɗan. Ya ce sabon takalmi haka yake. Glenys ta koma mota ta fito da babbar jakarta ta rataya.

Tun kafin su isa gaban gidan ya san ya yi wauta. Takalmin ya matse masa yatsu, na dama yana cizon dunduniya. Ga jama'a a kan benaye na katako har sama, ga masu ɗaukar hoto a durƙushe, ga alƙalai uku a tsaye da hulunansu masu kama da ƙwarya a kife. Dankali kuwa an yi masa kitso a geza, an shafa masa mai a kofato, yana ta hura hanci kamar shi ya gina gidan. Aka kira lambarsu. Alwyn ya tsayar da shi, alƙalai suka zagaya shi, babbarsu ta ɗaga hannu ta ce a tafi.

Ya tafi. Sai dai zuciyarsa ta ce masa, in fa dokin nan ya ji ciwo jiya ba a lura ba? In fa yana ɗingishi? Sai ya damƙe linzami gam a ƙarƙashin haɓa, ya juyo da kai yana leƙen ƙafafun Dankali, taku ɗaya leƙe ɗaya. Shi yana ɗingisa ƙafar dama, hannunsa yana fizgar kan doki duk sanda ya ɗingisa, kan doki yana sunkuyawa yana ɗagowa daidai da shi. Duk wanda ya san doki ya san abin da sunkuyar da kai a sassarfa ke nufi. Kafin su kai wata tukunyar furanni inda ake juyowa, benayen nan sun yi tsit. Suka dawo. Alƙalai suka haɗa kai suna ƙus-ƙus, sannan lasifika ta ce a kai dokin Bethan Probert wurin jira a sake duba shi.

Wurin jiran wani ɗan fili ne da aka kewaye da igiya a bayan shingen furanni, kuma rabin dawakin da ke shiga can daga nan gida suke yi. Wata likitar dabbobi mai furfura da gajeren gashi ta zo ta shafa ƙafafun Dankali ɗaya bayan ɗaya, ta lanƙwasa, ta matsa kofato da awartaki, ta sake shafawa. Alwyn yana tsaye gumi na bin wuyan rigarsa. Ta miƙe ta karkaɗe hannu ta ce ita dai hannunta bai ji komai a jikin dokin ba, za su iya sake gwadawa, amma sau ɗaya ne, in alƙalai suka ƙi shi ke nan. Ta ɗan dubi ƙafar Alwyn ta ƙara da cewa mai jan dokin ne dai, da ita ce alƙali, da tuni ta cire shi daga gasar.

Bethan ta iso tana dogara sanda, Glenys na biye da ita, su biyu kamar an haɗa baki. Alwyn bai iya duban 'yarsa ba. Ya ce a nemo wani, shi ya ɓata abin, shekara huɗu tana jira shi ya zo ya rushe mata a minti ɗaya.

"Baba, me kake ta leƙe?" in ji Bethan.

"Ƙafafunsa. Tsoro nake kada a ce…"

"Ƙafafunsa na alƙalai ne, su aka sa su duba. Kai sassauta masa linzami, ka kafa ido a kan agogon can na saman barga, ka yi gudunka. Kada ka waiwayo ko sau ɗaya." Ta gyara tsayuwa a kan sandarta, bakinta ya ɗan motsa. "Ai duk ƙasar nan ba wanda ya kai ka iya wannan. Shekara goma sha tara kana yi."

Alwyn ya tsaya baki buɗe. Ya dubi Glenys, Glenys ta duƙufa tana neman wani abu a jaka.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ina shekara goma sha biyu. Ba motar da tayarta ke sacewa duk Asabar, Baba." Ta miƙa hannu ta gyara masa wuyan kwat. "Ban taɓa jin haushi ba, na san dalili. Jiya dai na duba gindin itacen."

Wannan ta shige shi fiye da cizon takalmin. Glenys kuwa ta riga ta zaro abin da take nema ta ajiye a gabansa: takalman robarsa na gona, kore, da busasshen taɓon Shropshire a jiki. Ta ce shekara arba'in tana aurensa, ba ta taɓa ganin ya yi gudun kirki a cikin wani abu ban da su ba.

Haka ya fito karo na biyu, kwat ɗin coci a sama, takalmin shiga garke a ƙasa, ƙafar wando ɗaya a ciki ɗaya a waje. Wani ya yi dariya a saman bene, dariyar ta bazu. Alwyn bai ji ba. Ya saki linzami har ya yi lilo, ya nemo agogon saman barga, ƙarfe tara da minti ashirin da biyu, ya ce wa Dankali su je kamar yadda yake ce masa kowace yamma a bakin ƙofar gona. Ya ruga. Takalman suna faf-faf-faf, hularsa ta tashi ta bar shi, bai waiwaya ba. A gefen kafaɗarsa yana jin kofato a kan tsakuwa, kaf-kaf, kaf-kaf, kowane taku daidai da ɗan'uwansa, kuma kunnen da ya yi shekara goma sha takwas yana jin takun dokin nan a tsakar gida ya gaya masa lafiya lau ne tun kafin kowa ya faɗa. Suka zagaya tukunyar furanni suka dawo, har sai da ya kusa bangaje alƙali ɗaya don bai ga inda zai tsaya ba.

Lasifika ta ce an karɓe shi. Benayen nan suka ɗauki tafi da sowa kamar an ci kofi, wani tsohon alƙali ya ɗaga hularsa, kuma Glenys har gobe tana cewa takalman ya ɗaga wa. Alwyn ya duƙa ya dafa gwiwa yana haki, Dankali yana laluben aljihun kwat ɗin coci, inda ba a taɓa sa alawa ba.

Da ƙarfe biyu aka zo tsallaken sanduna a babban fili. Aka ɗaure ƙafar Bethan, aka tura ta cikin takalmin hawa da ƙyar. Alwyn ya tallafa mata ta hau kamar kullum, ya duba majanyin sirdi kamar kullum, ya ɗan bubbuga wuyan Dankali. Aka kira wanda ke gabanta. Nan take ya ji ƙafafunsa sun fara abin da suka saba. Glenys ta matso ta miƙa masa kwalin takalmi, fuskarta ba alamar wasa, ta ce in zai je a canza masa lamba yanzu ne lokacin, rumfar ba kowa, duk an taho kallo.

Ya dubi kwalin. Dalili ne mai kyau, ya fi na taya, ya fi na shayi. Ya mayar mata da shi, ya taka zuwa bakin shingen fili, ya kama katakon da hannu biyu kamar wanda za a yi wa allura.

Aka buga ƙararrawa, Bethan ta shigo. Minti ɗaya da rabi ne duka, amma Alwyn ya ga abubuwan da bai san da su ba. Ashe magana take yi wa dokin tun daga farko har ƙarshe, leɓɓanta ba sa tsayawa. Ashe in ta tunkari shinge takan karkatar da kai hagu, sak mahaifiyarsa in tana zura zare a allura. Ashe Dankali, wannan malalacin da ke bin sa don alawa, in ya tashi sama sai ya naɗe ƙafafu tsaf ya miƙa kunnuwa gaba kamar ɗan shekara biyar. A na huɗu sanda ta faɗi, ya ji kamar a kansa. Ya so ya runtse ido, ya ƙi. Wata ta sake faɗuwa kusa da ƙarshe. Sai shinge na ƙarshe, sai ga su sun wuce tsakanin tutoci, Bethan ta kwanta a wuyan doki tana bubbuga shi da hannu biyu. Na talatin da huɗu suka zo, kuma sun gama.

Ya riga kowa isa bakin ƙofar fita. Ya kama linzami. Bethan ta dube shi daga sama, numfashinta bai dawo ba, tana jiran maganar da ta saba ji.

"Kin zubar da biyu," in ji Alwyn. "Na huɗun laifinsa ne, ya yi ganganci. Na kusa da ƙarshen kuwa naki ne, kin matsa masa da wuri."

Glenys ta ce a ji mutum, kallo ɗaya ya yi a shekara goma sha tara har ya zama malami. Bethan ba ta yi dariya ba tukuna. Ta sunkuyo ta ƙura masa ido.

"Wane launi ne na kusa da ƙarshen?"

"Shuɗi da fari. Da tukunyar jan fure a gefen hagu."

Sai ta kifa fuska a cikin kitson gezar Dankali ta fashe da kuka. Alwyn ya tsaya riƙe da linzami a cikin takalmansa na gona, mutane suna ratsawa ta gefensu, bai kau da kai ba har ta gama.